Fim biyu, suna ɗaya: wane Moliyer ya kamata matasanmu na Jidda su fara kallo?

A hutun da ya wuce ɗan yayata ya same ni bayan sallar isha'i da wata tambaya wadda sai da ta ci mini kusan mako biyu ina juya ta. Shi da abokansa, yawancinsu 'ya'yan Hausawa haifaffun Jidda da Makka, suna da 'yar ƙungiya da ke shirya gajerun wasannin kwaikwayo, Hausa gauraye da Larabci, suna nunawa a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, idan an yi walimar aure ko an taru bayan Sallah. Ya ce, "Kawu, mun haɗa kuɗin istiraha, mun kuma samu aron majigi, muna so mu kalli fim a kan rayuwar Moliyer, sai muka tarar guda biyu ne masu suna ɗaya. Wanne za mu saka?" Na nemi ya ba ni lokaci, na sake kallon duka biyun daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gano shi ne nake rubutawa a nan, domin na san ba su kaɗai ne za su tsaya a wannan mararraba ba.

Moliyer, marubucin wasan kwaikwayo na barkwanci kuma ɗan wasa wanda Faransawa ke rubuta sunansa Molière, ba baƙo ba ne ga mai karatun Larabci. Wasan da ake ƙirgawa a matsayin na farko da aka shirya da Larabci bisa tsarin zamani, wanda Marun an-Naƙƙash ya nuna a gidansa da ke Beirut wajen 1847, a kan wani marowaci yake, kuma daga wasan Moliyer na marowaci aka tsinci tunaninsa. A 1873 kuma Muhammad Usman Jalal ya juya wasan Moliyer mai suna Tartuf zuwa Larabcin Masar, ya raɗa wa gogan suna Shaikh Matluf. Saboda haka yaran nan da suka nemi sanin mutumin sun kama hanya mai kyau, domin duk wanda zai yi sana'ar ba mutane dariya ta hanyar nuna musu halinsu, ko da Larabci ko da Hausa, akwai ɗan gadon wannan Bafaranshe a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin a auna fina-finan sai an san abin da ake aunawa da shi. Sunansa na yanka Jean-Baptiste Poquelin, an haife shi a Paris a watan Janairu na 1622, ɗan wani mai sana'ar kayan ɗaki wanda ya sayi muƙamin kula da shimfiɗu da labulayen fadar sarki, muƙamin da aka tsara ɗan zai gada. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma. A 1643, yana da shekara 21, ya ajiye wannan gado ya haɗa kai da wata 'yar wasa mai suna Madelen Bejar da danginta suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ƙungiyar ta karye, bashi ya yi musu katutu, har a watan Agusta na 1645 aka tsare shi a kurkuku na 'yan kwanaki, kuma cikin masu bin sa bashi akwai mai sayar musu da kyandir ɗin haska dandamali. Daga nan ya bar Paris ya yi kusan shekara 13 yana yawon garuruwa da ƙauyukan Faransa, sai a ranar 24 ga Oktoba 1658 ya samu damar yin wasa a gaban Sarki Luwi na 14. Shekara 14 da 'yan watannin da suka rage masa su ne na manyan wasanninsa da manyan rigingimunsa, har ya rasu ranar 17 ga Fabrairu 1673 yana da shekara 51.

Fim na farko ya fito a 1978, aikin Ariane Mnouchkine ne, matar da ta kafa wata shahararriyar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Paris tun 1964, kuma da 'yan ƙungiyar tata ta yi shi, Philippe Caubère ya fito a matsayin Moliyer. Tsawonsa ya haura awa huɗu, an raba shi kashi biyu. Na biyu ya fito a 2007, aikin Laurent Tirard, Romain Duris ne Moliyer, tsawonsa kimanin awa biyu. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai zaɓi ya yi sauƙi, a ɗauki gajere kuma sabo. Ni ma da haka na fara tunani, amma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na tsawo da shekaru, domin ba aiki ɗaya suka sa a gaba ba: ɗaya yana so ya nuna rayuwar mutum da zamaninsa, ɗayan kuma yana so ya ƙaga labari mai daɗi ya ɗora shi a kan wani ɗan gurbi da tarihi ya bari.

Dogon fim ɗin ya fara da yaro ɗan shekara goma a titunan Paris masu taɓo da cunkoso. Ana ganin kakansa yana kai shi kallon masu wasan bakin titi, ana kuma ganin likitocin zamanin cikin baƙaƙen riguna suna tsaga jijiyar mahaifiyarsa suna zubar da jini da sunan magani har rai ya yi halinsa. Ba wanda ya fito ya yi bayani cewa daga nan ƙiyayyarsa ga likitocin bogi ta samo asali, an bar mai kallo ya ɗauki abin ya riƙe a ransa, sai can bayan awa uku, lokacin da Moliyer ya tsufa yana tari yana kuma yi wa likitoci zambo a kan dandamali, abin ya dawo masa. Wannan ita ce hanyar fim ɗin gaba ɗaya: magana kaɗan, hoto da yawa, haƙuri mai tsawo.

Inda ya fi ƙarfi shi ne shekarun yawo. Amalanke ya kafe a laka, ruwan sama yana dukan kayan wasa, yunwa ta kai talakawan karkara ga far wa dokin ƙungiyar su yanyanke shi a gaban masu shi, iska ta ɗauki dandamalin da aka kafa a fili tana tafiya da shi 'yan wasa na bin sa da gudu. Na daɗe a kan waɗannan wurare domin a nan ne fim ɗin ya faɗi gaskiyar da matasanmu suka fi buƙatar ji, wato wasan kwaikwayo aikin taro ne kafin ya zama aikin haziƙi ɗaya. Akwai mai ɗinka sutura, akwai mai riƙe asusu, akwai mai lallashin hakimin gari ya ba da izini, akwai rabon kuɗi bayan wasa da rigimar da ke biyo bayansa. Madelen Bejar a wannan fim ba ado ba ce, ita ce ginshiƙin tafiyar, kuma tarihi ya yarda da haka. Ba abin mamaki ba ne da darakta ta iya nuna wannan, tun da ita kanta shugabar ƙungiya ce wadda ta san ɗacin neman abin da za a ciyar da mutane da shi, kuma 'yan wasan da ta sa mutane ne da suka shekara suna aiki tare, ana ganin sabon a idanunsu.

Kashi na biyu ya shiga fada, launi ya canja, zinariya da kiɗa suka maye gurbin laka. A nan ne aka nuna wani abu da ban manta ba, jiragen ruwa na ado daga birnin Banis na Italiya ana jan su ta kan duwatsu cikin ƙanƙara domin a kai wa sarki ya yi nishaɗi a tafkin fadarsa, mutane na wahala a ƙarƙashinsu. Fim ɗin bai ɓoye cewa Moliyer da kansa a inuwar wannan sarki ya rayu ba. A 1662 ya auri Armand Bejar, yana da shekara 40 ita kuma wajen 20, takardun aure sun ce ƙanwar Madelen ce, maƙiyansa kuwa suka baza cewa 'yarta ce, har suka kai ƙara gaban sarki da zargi mafi muni. Amsar sarki ita ce ya tsaya a matsayin uban suna ga ɗan farin Moliyer a 1664. A shekarar nan ce kuma aka fara nuna Tartuf a Basai, fadar sarki, wasan da ke ba da labarin wani mayaudari da ya shiga gidan attajiri da siffar tsoron Allah, ya mallake hankalin maigida, ya sa aka rubuta masa dukiya, sannan ya nemi matar gidan. Nan take aka hana nuna shi a bainar jama'a. Ya gyara shi ya sake fitarwa a 1667, aka sake hanawa, babban limamin cocin Paris ya yi barazanar fitar da duk wanda ya kalla ko ya karanta shi daga cikin jama'ar coci. Sai ranar 5 ga Fabrairu 1669 aka sake shi, bayan kusan shekara biyar.

Ƙarshen fim ɗin kuwa yana cikin abubuwa mafi nauyi da na taɓa gani a majigi. Moliyer ya kammala wasa na huɗu na wasansa na ƙarshe, wanda ya fito a cikinsa a matsayin mai ciwon ƙarya alhali shi ciwon gaske ke cin sa, jini ya ɓalle masa, abokan aikinsa suka tallafe shi suna hawa matakala da shi, suna ta hawa kamar ba za su kai ba, wata tsohuwar waƙar Ingila mai sanyi tana tashi. An saba cewa a kan dandamali ya mutu, amma a gidansa ya cika bayan 'yan awoyi. Da yake coci a lokacin ba ta yarda a yi wa ɗan wasa jana'iza irin ta kowa ba sai in ya yi tir da sana'arsa kafin ya mutu, sai da matarsa ta kai kuka wurin sarki kafin aka yarda a binne shi, shi ma da dare, ranar 21 ga wata.

Wannan fim yana da nasa raunin, kuma ban ɓoye wa ɗan yayata ba. Wanda ya zauna domin ya ji zaƙin maganar Moliyer zai tashi da ƙishi, saboda abin da aka nuna daga wasanninsa 'yan guntaye ne, ana ganin yana rubutu ana ganin ana tafi, amma ba a cika barin mai kallo ya ɗanɗani abin da ya jawo tafin ba. Dariya ma kaɗan ce a fim ɗin da aka yi a kan mutumin da ya fi kowa ba Faransa dariya. Sannan masu adawa da shi daga cikin malaman coci an zana su da baƙin fenti ɗaya, fuska a murtuke, ba a ba su damar faɗin abin da suke tsoro ba, alhali cikin waɗanda suka ƙi Tartuf akwai masu gaskiya da ke ganin idan aka saba yi wa mai riya dariya, gobe za a yi wa mai ibada na gaskiya. Ba sai mutum ya yarda da su ba kafin ya ga cewa hujja ce da ta cancanci a saurara. Lokacin da aka kai fim ɗin gasar fina-finai ta birnin Kan da ke Faransa a 1978 masu sharhi da yawa ba su karɓe shi hannu biyu ba, ko da yake daga baya ya ci kyautar fina-finan Faransa mai suna Sezar ta ɗaukar hoto da ta tsara wuraren wasa, kuma duk wanda ya gan shi zai san dalilin.

Gajeren fim ɗin ta wata ƙofa ya shigo. Ya fara a 1658, ƙungiyar ta dawo Paris, Moliyer na cewa ya gaji da barkwanci, shi wasan tausayi mai nauyi yake so ya yi, sai aka kira shi wurin wata mata da ke gargarar mutuwa, daga nan labari ya koma baya shekara 13. Yana kurkukun bashi sai wani attajiri mai suna Jurdan ya biya masa ya fito da shi, bisa sharaɗin ya zo gidansa ya koya masa kwaikwayo, domin attajirin ya rubuta ɗan wasa da yake so ya burge wata matashiyar gwauruwa 'yar sarauta da shi. Don kada uwargida ta gane, sai aka shigo da Moliyer cikin rigar limamin coci, aka ce sunansa Tartuf, ya zo tarbiyyar ƙaramar 'yar gidan. Daga nan abu ya rikice, soyayya ta ƙullu tsakaninsa da uwargidan, Elmir, wani ɗan sarauta matsiyaci kuma yana ta tatsar maigida da alkawarin zai shigar da shi wurin manya.

Dole a yaba wa fim ɗin nan inda ya cancanta. Yana da sauri, yana da ban dariya, kuma Fabrice Luchini da ya fito a Jurdan ya yi aikin da ɗan wasa zai koyi abu daga gare shi, domin ya ɗauki mutumin da aka gina don a yi masa dariya ya sa mai kallo ya ji tausayinsa, musamman inda ya ɓad da kama ya shiga zauren matar da yake so ya ji da kunnensa yadda take mayar da shi abin ba'a. Akwai kuma wurin da Moliyer ke koya masa yadda ake kwaikwayon doki, yana nuna masa cewa ba a cewa doki kawai, sai an san wane irin doki ne, na sarauta ko na noma, kowanne da takunsa da ɗaga wuyansa. Wannan 'yan mintoci darasi ne cikakke ga duk mai hawa dandamali, kuma na ce wa yaran ko ba su kalli komai a fim ɗin ba su nemi wannan wurin. Babban tunanin fim ɗin shi ma mai kyau ne: marubuci ba daga sama yake samo mutanensa ba, a cikin gidajen da ya shiga yake tsintar su, kuma barkwanci na iya ɗaukar nauyin da ake zaton sai wasan kuka ke ɗauka.

Matsalar ita ce kusan duk abin da ke tsakiyar fim ɗin bai faru ba. Babu wani Jurdan da ya fanshi Moliyer, wani ɗan kwangila ne ya tsaya masa, daga baya mahaifinsa ya biya mutumin. Jurdan sunan attajirin da ke son zama basarake ne a wasan da Moliyer ya rubuta a 1670, Elmir sunan matar gida ce a Tartuf, gwauruwar nan kuma, Selimen, daga wasan 1666 aka ɗauko ta, wanda ke kan mutumin da ya tsani munafuncin jama'a. Masu fim ɗin sun kwaso mutane da maganganu daga wasanni daban-daban suka zuba su a gida ɗaya, suka ce ga inda ya gan su. Ba yaudara suka yi niyya ba, domin Bafaranshen da aka yi fim ɗin dominsa ya karanta waɗannan wasanni tun yana makaranta, da ya ji layi zai gane daga inda aka tsamo shi, rabin daɗin kallon ma a wannan ganewa yake. Abin da ya ba su dama shi ne ƙarancin abin da Moliyer ya bari: babu wasiƙunsa, babu rubutun hannunsa na wasanni, sai sa hannu a wasu takardu, kuma watannin da suka biyo bayan fitowarsa daga kurkuku ba su da cikakken bayani a tarihi.

To amma ɗan Hausawan Jidda da ya yi karatunsa da Larabci, bai taɓa buɗe Tartuf ba, me zai ɗauka? Zai tashi da yaƙinin cewa Moliyer ya taɓa sa rigar limami ya yaudari wani gida, ya nemi matar mai gidan, kuma cewa Tartuf shi ne Moliyer. Wannan juya gaskiya ne ƙafa a sama, saboda mutumin da ya sha wahalar shekara biyar don ya tona asirin mai fakewa da addini ya ci amanar gida, shi ne aka sa wa rigar mai cin amanar. Ga wanda ya san wasan wannan juyi wasa ne da hankali mai daɗi, ga wanda bai sani ba kuwa ɓata ne da zai yi wuyar gyaruwa, domin abin da ido ya gani ya fi abin da kunne zai ji daga baya zama a zuciya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, wato yadda fina-finan biyu suka fahimci shaƙiyancin mutumin. A na 2007 shaƙiyancinsa na ɓad da kama ne da haura taga da iya zance da mata. A na 1978 kuwa shaƙiyancin yana da farashi, domin waɗanda yake tsokana likitoci ne da 'yan fada da masu riya da attajirai, mutanen da ke da ikon rufe masa gidan wasa, kuma sun rufe. Mu Hausawa mun san wannan nau'i. Ɗan kama da ke kwaikwayon karatun malamai yana cusa sunayen abinci a ciki, wawan sarki da ke faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba, yaran tashe da ke sa gemun auduga suna kwaikwayon dattawa a cikin azumi, duk suna tafiya ne a kan siraɗin da ke tsakanin a yi dariya da a yi fushi, kuma kowannensu ya san iyakar da inuwar da yake ciki ta ba shi. Wanda ya girma a nan Saudiyya ma ya ga irinsa, ya san shirin barkwancin nan na Ɗash ma Ɗash da aka fara a 1993, yadda a shekarun da ake nuna shi ake jiran sa duk azumi da yadda wasu sassansa suka jawo suka mai zafi. Kafin wannan, a farkon shekarun 1960, marubucin Makka Ahmad as-Siba'i ya gina gidan wasan kwaikwayo, ya horar da 'yan wasa, amma aka dakatar da shi kafin a ɗaga labule ko sau ɗaya. Yau da aka sake buɗe gidajen silima tun Afrilu 2018, aka kafa hukumar wasan kwaikwayo a 2020, ake kuma yin bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda tun 2021, matashi na iya zaton ƙofar a buɗe take tun fil azal. Dogon fim ɗin ne kaɗai daga cikin biyun zai sa ya gane cewa mai zambo kullum yana buƙatar hikima da haƙuri da sanin wanda yake magana a gabansa.

Sauran abubuwan na tsari ne, amma su ma suna da tasiri. Duka biyun da Faransanci suke, don haka sai an tabbatar kwafin da aka samu yana da fassara a ƙasan allo cikin harshen da mutanen za su iya karantawa da sauri. A nan abin ya zo da akasin zato: gajeren ya fi wahalar bi, saboda maganarsa da yawa take, da sauri kuma, cike da habaici da gugar zana da fassara ke kashewa, shi kuwa dogon ana iya yin minti goma ido na kan hoto ba a buƙaci karanta komai ba. Ta fuskar kunya, babu ɗaya daga cikinsu da zan ce a saka a gaban iyaye da ƙananan yara ba tare da wani babba ya fara kallo shi kaɗai ya san wuraren da za a tsallake ba. Sai dai a dogon irin waɗannan wurare tsallakewa ba ta taɓa ƙashin labarin, a gajeren kuwa neman matar aure shi ne ƙashin labarin kansa, kuma an ƙawata shi yadda mai kallo zai goyi bayan masoyan. Batun lokaci kuma, awa huɗu da 'yan kai bayan isha'i na nufin tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare ko fiye, ga masu zuwa daga Makka da tafiyar kusan awa guda a gabansu, don haka a zauna ɗaya ba zai yiwu ba.

Amsar da na ba ɗan yayata ita ce su fara da na 1978, su raba shi dare biyu daidai inda mai shi ta raba, daren Alhamis da daren Juma'a, ko da hakan zai sa su ƙara kuɗin istiraha. Na ce kafin dare na biyu wani daga cikinsu ya ba sauran labarin Tartuf cikin minti goma, tun da fim ɗin ba zai ba su ba, kuma ana samun wasan da Larabci. Na 2007 su ajiye shi sai sun karanta aƙalla Tartuf da wasan attajirin da ke son sarauta, a lokacin ne za su ci ribarsa su kuma tsira daga ruɗinsa, kuma su kalle shi su kaɗai a matsayin masu koyon sana'a, suna tsayar da shi a wurin dokin nan suna gwadawa. Idan kuwa dare ɗaya ne kawai aljihu zai iya, na fi son su kalli dogon daga farko su tsaya a ranar da ƙungiyar ta koma Paris, domin shekarun laka da amalanke su ne suka fi kama da inda su suke a yanzu.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, wasu za su yi barci." Na ce masa zai yiwu, amma ya lura da waɗanda idonsu ke buɗe a lokacin da iska ta ɗauki dandamali, domin da su zai shirya wasan Babbar Sallah. Sun riga sun kama istirahar dare biyu, ni kuma na ɗauki nauyin gahawa da dabino da ba da labarin Tartuf.